Bayan Babbar Mota

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta kamaci ɗa ga mahaifinsa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ɗanka ne, Umaru. Na san ba a kai wa mutanen kabari wasiƙa, kuma kai da ka yi shekara talatin kana masinja, kana kai wa mutane takardu a kan keke, ka fi kowa sanin inda saƙo yake tsayawa. Duk da haka zan rubuta, zan kuma sa ta a shafina na sada zumunta inda kowa zai gani. Akwai abin da na yi maka a gaban mutane, gara in gyara shi a gabansu.

Jikanka, takwaranka, ya shekara goma sha biyu. Abba muke kiransa, don bakina ba zai iya ambaton sunanka a tsakar gida ba. Yana ɗan shekara biyu ka bar shi, bai riƙe fuskarka ba sai ta hoto. Ba shi da lafiya, Baba. Ƙirjinsa ne. Sati uku ke nan da aka sallamo mu daga asibiti, kuma har yau in ya taso daga ɗaki zai je zaure sai ya tsaya a hanya ya dafa bango.

Zan fara daga kekenka, don daga nan abin ya taso. Dogon baƙin keken nan mai kariya a baya, wanda kake ɗaure fayil a kai da tsohuwar robar taya. Kullum sai ka goge shi da tsumma kafin ka sha kunu. Ka cusa ƙafar wando cikin safa, ka fita daga lungunmu na Mabera kana buga ƙararrawa ko da ba kowa a hanya. Inna takan ce da keken nan ya iya tuƙa tuwo, da ba ka da sauran buƙatarta a gidan.

Ina ɗan shekara goma ka koya mini hawa. Ba ka da haƙurin koyarwa, Allah ya gafarta maka. Ka riƙe mini sirdi taku uku ka saki, na zarce cikin kwata, ka tsaya a kaina kana cewa, "Mi kaka kallo ƙasa? Diba gabanka!" Ranar da ka yarda in hau titi, ka kai ni randabawul, muka tsaya a gefe, ka nuna mini wata babbar mota da haɓa. Ka ce, "In ka iso nan, kak ka shiga kai ɗai. Laɓe ma babbam mota. Ba mai iya taɓa ta, kai ko ba mai taɓa ka."

Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. Duk shekarun da na yi ina hawa keke, ko ƙwarzane ban taɓa samu a titi ba, shi ya sa ban taɓa zama na tambayi kaina motoci nawa ne a garin nan a lokacin ba. Sai yanzu nake tunawa cewa jira muke yi babbar motar ta zo. Wani lokaci har mu gaji da jira. In ta zo ta ƙetare da mu, ta yi gaba abinta, mu ma mu kama hanyarmu. Duk laɓewar ba ta wuce a ƙirga ashirin ba.

Bayan rasuwarka muka tashi daga Mabera. Na samu fili wajen Dundaye na yi ɗaki uku. Ba za ka gane hanyar ba yanzu. Tun da sassafe tifofin yashi ke jerowa daga bakin gulbi zuwa cikin gari, ga tireloli, ga 'yan kabu-kabu a kan mashinansu, ga waɗannan masu ƙafa uku da muke kira agwagwa da buje, kowa yana neman ya riga ɗan'uwansa. Makarantar Abba tana cikin gari, ni kuma aikina yana Wamakko, don haka da safe kowa da inda ya nufa. Yana shekara tara na samo masa ƙaramin keke na hannu, shuɗi, sirdinsa ko ƙuguna bai kai ba.

Asabar biyu na yi ina koya masa a fili. Na fi ka haƙuri, wannan kam zan faɗa. A ta uku na kai shi bakin titi, na dafa kafaɗarsa, na faɗa masa dokarka da irin muryarka, na ce ta kakansa ce. Sannan na yi ƙari. Na ce tunda titin yanzu ya fi na da haɗari, kada ya jira sai ya kai randabawul. Tun daga fitowa ya nemi tifa mai kaya, mai tafiya a hankali, ya manne a bayanta har cikin gari. Wannan ƙarin ba naka ba ne, Baba. A tsaye a wurin na ƙirƙiro shi, har ina jin kaina mai dabara.

Yaron nan ba ya musu. In ka ce ya zauna nan, sai ka manta da shi, ka je ka dawo ka same shi a nan ɗin. Shekara uku yana yin abin da na ce, duk safiyar da akwai makaranta.

Alamomi sun zo, mu ne dai muka ba kowace sunan da ya yi mana daɗi. Wuyan farar rigarsa ya riƙa yin baƙi, Hajara surukarka ta ce ba ya cuɗa jikinsa da kyau. In ya fyace hanci sai ka ga baƙi a hankici, muka ce wasan ƙasa ne. Tari ya fara, muka ce sanyi ne, aka hana shi ruwan firij, aka kashe masa fanka, aka bi shi da zuma da citta da kanumfari. Ya daina fita ƙwallo da yamma. Na ce wa Hajara ai yaron ya fara hankali.

Mutum ɗaya ce ta gani, ta kuma faɗa. Malama Rifkatu, malamar ajinsu, 'yar Filato ce, ita da mijinta kafinta suna haya a bayan layinmu, kuma hanya ɗaya take bi da Abba a kan kabu-kabu. Wata Lahadi ta dawo daga coci ta same ni a ƙofar gida ina wanke mashin. Bayan mun gaisa ta ce, "Baban Abba, ran Juma'a na ga yaron nan a bayan tifa, fuskarsa daidai bakin salansa. Hayaƙi bai bar ni na gane shi ba sai da na ga jakarsa."

Dariya na yi, Baba. Na ce mata ai dabara ce, ta gado ce ma, da ita aka rene mu. Ta dube ni jim, ta ce to Allah ya kiyaye, ta gyara ɗankwalinta ta wuce. Na ci gaba da wankin mashin. Ko da wasa ban kai maganar cikin gida ba.

Wata huɗu bayan haka, wata Talata cikin tsananin zafin nan na bazara, ya isa makaranta, ya jingine keken a inda yake jinginewa, ya shiga aji ya zauna, numfashi ya ƙi. Malama Rifkatu ce ta saɓa shi ta tare agwagwa da buje ta kai shi asibiti, daga can ta kira ni. Ina ofis da fayil a buɗe a gabana. Na rufe fayil ɗin, na mayar wa biro murfinsa, na kulle durowa, na gwada ko ta kullu. Sai da na kusa shiga gari na lura cewa ni ma tun daga Wamakko bayan wata tirela nake bi.

Na same shi a kan gado, an rufe masa hanci da baki da robar nan ta iska. Duk jan numfashi sai fatar tsakanin haƙarƙarinsa ta lotsa, ana jin wani siririn fito yana fita daga ƙirjinsa. Na tsaya a kansa ina jiran abin da uba yake ji a irin wannan wuri ya zo mini. Bai zo ba. Abin da na lura da shi kawai shi ne takalminsa ƙafa ɗaya babu, na yi ta tunanin ko a aji ya faɗi ko a hanya. Malama Rifkatu tana zaune a gefe da jakarsa a cinyarta. Ba ta ce ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa, da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu muka yi. A rana ta uku, da hantsi, Hajara ta koma gida duba ƙannensa, sai likitar ta zo. Wata mata ce mai gilashi, ba ta da yawan magana. Ta ja kujera ta zauna ta fara tambaya. Da me ake girki a gida, icce ko gawayi? Akwai mai shan taba? Ana kunna janareta kusa da ɗakinsa? Maganin sauro na hayaƙi fa? Duk na amsa. Sai ta juya wajen Abba ta tambaye shi yadda yake zuwa makaranta.

Ya ɗaga robar daga bakinsa ya yi mata bayani, kuma ka ga yadda fuskarsa ta washe, don abu ne da ya ƙware a kai. Ya ce tifa mai jiƙaƙƙen yashi ta fi, don ba ta gudu. Ya ce ba ya barin tazarar da ta wuce tsawon keke biyu, kada ɗan kabu-kabu ya shiga tsakaninsu. Ya ce in hayaƙin ya yi yawa yakan runtse ido kaɗan ya riƙa numfashi ta baki, don ta hanci ya fi zafi. Likitar ta ajiye bironta a kan takarda. Ta dube ni ta ce, "Wa ak koya mai haka?"

Na ce, "Kakanshi."

Kalma ɗaya ce, Baba. Da farko na riƙa gaya wa kaina suɓutar baki ce, amma ba suɓuta ba ce, na san abin da nake yi. Na duba ɗakin na ga kai kaɗai ne ba za ka iya musawa ba. Likitar ta tambaya ko kana raye, na ce a'a, ta ce Allah shi jiƙanshi, na ce amin. Abba ya mayar da robar bakinsa, yana kallona ta samanta. 

Daga nan ta yi mini bayani, ni kuma ina ta gyaɗa kai. Ta ce asma ce, kuma ba za ta rantse cewa hayaƙin kaɗai ya jawo ta ba, amma shekara uku ana ɗura shi cikin huhun da bai gama girma ba. Ta ce yaro ya fi babba saurin numfashi, in kuma yana taka keke sai ya riƙa zuƙa har can ciki, ga shi ƙaramin keke yana ajiye fuskarsa a inda hayaƙin ya fi kauri. Na tambaye ta ko zai warke. Ta ce wani abu zai dawo da magani, wani kuma sai an jira an gani. Na yi mata godiya har sau biyu, kamar wanda aka yi wa kwatancen hanya.

Da yamma Hajara ta dawo da abinci, wata nas ta gaya mata wai yaronta bayan tifa yake bi. Iyakar abin da aka gaya mata ke nan. Ta ɗauka ƙiriniya ce irin ta yaran da ke ɗafe wa motoci. Ta zauna a bakin gadon tana kuka tana faɗa: "Mi ak kai ka bayan tifa, Abba? Ba ka da hankali? So kakai ka kashe ni?" Yaron ya sunkuyar da kai. Ina tsaye a bayanta riƙe da filas ɗin shayi. Na buɗe shi na zuba a kofi na miƙa mata.

Bayan an sallame mu da kwana biyu, na fito da shirin ofis, sai na ga shuɗin keken a zaure, wani ɗan ajinsu ya turo shi gida. Na ajiye makullin mashin na ɗauke shi. Ƙato da ni a kan keken yara, gwiwoyina suna bugun kan keken, 'yan kabu-kabu suna ta yi mini tsiya, wani yana cewa Alhaji a yi a hankali kar a makara aji. Na jira tifa mai jiƙaƙƙen yashi. Na shiga bayanta, na bar tazarar keke biyu, na sunkuya daidai tsayinsa.

Ban wuce turken wuta biyar ba. Zafin ne ya fara dukan fuskata, sannan ɗacin ya cika mini baki. Duk lokacin da direban ya canja giya sai gabana ya rufe, in daina ganin ko lambar motar. Na buɗe baki don hancina ya ƙi, kamar yadda ya faɗa. Na ratse gefe na sauka, na durƙusa ina tari, na tofar da yawu, na ga kalarsa. Daga nan zuwa makarantarsu akwai sauran tafiya mai nisa.

Kai dogo ne a kan dogon keke, Baba. Hayaƙin motar da kake laɓewa a bayanta ta gwiwarka yake wucewa, kuma kafin ka ji warinsa kun rabu. Ban taɓa auna wannan ba sai ranar. A nan ma ban yi kuka ba. Na nemi kukan na rasa. Na turo keken gida, na canja riga, na tafi ofis, na sa hannu a makare, na yi aikin ranar har aka tashi.

Haka nake tun daga lokacin. Ina ci, ina salla, ina amsa gaisuwar masu zuwa dubiya, ina cewa da sauƙi. Mutane suna yaba mini ƙarfin hali. Ba ƙarfin hali ba ne, ni dai ba na jin komai. In na ji tarinsa daga ɗaki sai in tashi in ɗauko abin shaƙar da aka ba shi, in girgiza, in sa masa a baki, in ƙirga goma, in mayar da shi kan taga. Hannuwana sun iya aikin, kuma ba sa rawa. Sati mai zuwa za mu koma ya hura cikin wani bututu a ga abin da ya dawo da abin da bai dawo ba.

Hajara ta daina yi masa faɗa, amma ba ta daina faɗa wa masu dubiya ba. Duk wadda ta shigo sai ta ji labarin yaron da ya riƙa bin tifa ba da sanin iyayensa ba. Matan su ce yaran yanzu sai addu'a. Shi yana kwance a kan tabarma yana ji. Ni ina zaure ina ji.

Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune ni da shi a zaure, Hajara tana madafa. Na gama ba shi maganin. A gidan, Malam yaran suke kirana, yadda suka ji uwarsu tana yi, ita kuma su ce mata Inna. Ya leƙa ƙofar cikin gida ya tabbatar ba mai zuwa, ya matso kusa da ni. Ya ce, "Malam," ya tsaya ya ja numfashi. Ya ce, "Ban hwaɗa ma Inna ba." Ya sake tsayawa, na ji fiton nan a ƙirjinsa. Ya ce, "Kuma ba ni hwaɗi. Kak ka damu."

Likita ta ce ya rage yawan magana har ya samu ƙarfi. Sau uku ya ja numfashi kafin ya gama, kuma duka ukun a kaina ya kashe su. Ashe duk satuttukan nan da nake zaton yana kwance yana jinya, yana kwance ne yana riƙe mini asiri. Ka san abin da na ce masa? Na ce to. Na gyara masa matashi na tashi na tafi masallaci tun ba a kira salla ba.

Shi ya sa nake rubuta maka, Baba. Hajara tana karanta duk abin da na sa a shafina, za ta ga wannan kafin in dawo daga aiki. Malama Rifkatu za ta gani, matan da suka zo dubiya za su gani. Kai randabawul ka ce, a zamanin da ake jiran mota. Ni na ce tun daga ƙofar gida har cikin gari. An zo an gaya mini na yi dariya. An tambaye ni na ɗora wa mamaci, sannan na bar yaro mara lafiya ya ɗauki sauran. Ban san abin da zan tarar a gida yau ba. Ko mene ne, nawa ne, ba nasa ba.

Babana, ka yafe mini. Ka bar mana suna mai tsabta, ni na kai shi ɗakin asibiti na shafa masa abin da bai ji ba bai gani ba. Da kana nan da ka tsaya a kaina ka yi mini tsawar nan taka, kuma wallahi yau ita nake kewa fiye da komai.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya yalwata maka makwanci, ya haɗa ka da Inna a gidan rahama. Allah ya tsare yaran mutane da ke kan titin nan kowace safiya. Allah ya buɗe ƙirjin takwaranka, ya mayar masa da abin da na sa ya rasa. In ba duka zai dawo ba, Allah ya ba shi numfashin da zai ishe shi ya yi fushi da ni.

Wassalamu alaikum.

Ɗanka,
Umaru